Idon Mama Mai Laburare

Aikin farko da aka ba mu a jami'a shi ne mu rubuta shafi biyar a kan yadda kogi ke gina fadama. Na shiga laburare na tsaya a bakin ƙofa kamar wadda mota ta sauke a tashar da ba tata ba. Bene ne hawa uku, duk inda ka juya littafi. Ni kuwa tun da nake ban taɓa zaɓar littafi da kaina ba. A sakandare malami ke rubutu a allo mu kwafa, wadda ta fi kwafa daidai ita ce mai ƙoƙari. Na yi ta zagaye har na ci karo da wani littafi mai hoton kogi a bango, na zauna na kwafe babi guda da kyakkyawan rubutuna, ko waƙafi ban bari ba.

Da malamin ya dawo da takardunmu, tawa ya ɗaga a gaban aji. Bai kira sunana ba, amma kowa ya ga teburin da ya ajiye ta. Ya ce, "Wannan ba bincike ba ne, sata ce." Ni 'yar mai shanu ce. Kakana ne ya bar yawon kiwo ya zauna a Haɗeja, kuma a gidanmu babu kalmar da ta fi wannan nauyi. Na yi kwana biyu ban shiga aji ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san laifin da na yi ba, sai da wata 'yar ajinmu ta zaunar da ni ta yi mini bayani.

Na gama, na dawo gida a tsakiyar shekarun tamanin, aka ba ni koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata. Ranar da na fara shiga ajin ƙarshe na ga yara sun buɗe littattafan rubutu sun riƙe biro suna jiran in fara rubutu a allo su kwafa. Na tambayi inda laburaren makaranta yake, aka nuna mini wani ɗaki da kwaɗo a ƙofa. Da aka samo mabuɗi, buhunan masara na tarar da karyayyun kujeru, sai kwali uku na littattafai da ɓera ya riga mu karantawa.

Wannan ya sa wata la'asar na tafi laburaren gari. Ɗaki ne guda dogo mai rufin kwano, da bishiyar maina a ƙofa. Mai kula da shi mace ce gajeriya, kakkaura, da tabarau mai kauri da ta ɗaure da igiya a wuya. Kowa Mama yake ce mata. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista. Aikin gona na gwamnati ne ya kawo mijinta Haɗeja tun tana amarya, ya rasu aka binne shi a nan, ita kuma ta ƙi komawa. 'Ya'yanta sun girma sun watse, ta zauna ita da littattafan.

Na gaishe ta, na gaya mata abin da ya kawo ni. Ban san abin da ya sa ba, har labarin takardata na ba ta, wanda ko mijina bai taɓa ji ba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yara nawa ne?"

Na ce, "Sun kai talatin, Mama."

Ta duba bencinanta. "Goma sha biyar za su zauna, sauran su zo da tabarma. Shekara nawa ina share ɗakin nan, masu karatun jarida kawai nake gani. Kawo su."

Shugabar makaranta ba ta so ba da farko. Fitar da 'yan mata daga makarantar kwana zuwa cikin gari ba ƙaramin abu ba ne. Sai da Mama ta ɗaura zaninta na zuwa coci ta zo da kanta, suka yi doguwar magana a ofis, sannan aka ba mu Laraba, daga bayan azahar zuwa la'asar. Ina gaba, yara a jere biyu biyu, wata dattijuwa mai kula da ɗakunan kwana a baya. Masu shaguna har sun saba, in sun hango mu sai su ce, "Ashe yau Laraba."

Mun raba aikin ba tare da mun zauna mun raba ba. Ni nake kawo tambaya daga darasi, Mama ke nuna hanyar neman amsa. Akwai wani akwati na katako mai ƙananan durowa, cike da katuna, kowane littafi da katinsa. Takan sa yarinya ta jawo durowa, ta nemo kati, ta karanta lambar da ke kusurwa, ta bi kantocin littattafai har ta ɗauko littafin da hannunta. Ranar farko wata yarinya da ta samo nata sai da ta yi ihu, duk aka yi dariya. Mama ta koya musu su fara duba bayan littafi, wurin da aka jera kalmomi da lambar shafi, kafin su ɓata lokaci a gabansa. Takarda ta yi tsada a shekarun nan, don haka kwalayen sukari take tarawa daga masu shayi, ta yanka su daidai tafin hannu. Kowane kati magana ɗaya, a ƙasa sunan wanda ya faɗa da shafin. In yarinya ta kawo mata magana, komai daɗinta, sai ta ɗaga tabarau ta ce, "Wa ya faɗa?" In ta ce littafi, sai ta ce, "Littafi ba shi da baki. Wani ne ya zauna ya rubuta. Wane ne shi, kuma yaushe?"

A gaban yara Malama take ce mini. In sun fita muna gyara benci sai ta koma 'yata. Ranar Kirsimeti takan aiko mana da cincin da shinkafa, da Sallah ni kuma in kai mata cinyar rago. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga laburare ba, amma duk sanda aka tatsi shanu da yawa sai ta ce a kai wa "matar nan ta littattafai" man shanu.

A shekara ta uku aka samu wata yarinya daga Auyo a ajin ƙarshe, 'yar masunta, doguwa, mai shiru. Wata Laraba tana karanta wani tsohon rahoto a kan koginmu, sai na ga ta rufe shi ta zauna tana kallon bango. Mama ta je wurinta.

Yarinyar ta ce, "Mama, littafin nan ƙarya yake yi. Ya ce ruwa na malala ya rufe fadamarmu wata huɗu. Ni tun da na yi wayo ban ga haka ba. Wata shekara ya zo da wuri ya cinye shinkafa, wata shekara mu yi ta jira."

Na buɗe baki zan gyara mata, don a tarbiyyarmu ba a ce wa littafi maƙaryaci. Mama ta riga ni.

"Duba shekarar da aka buga shi."

Yarinyar ta duba. An buga shi tun ba a haife ta ba, tun kafin a gina madatsar ruwa can saman kogin.

Mama ta ce, "To, wataƙila shi ya faɗi gaskiyar lokacinsa, ke kin faɗi ta naki. Wa ya ga duka biyun?"

Yarinyar ta ce, "Kakana."

Daga wannan rana aikin ya sake kama. Da hutu ya zo muka ba kowace yarinya katuna ashirin, ta je ta tambayi tsofaffin garinsu. Waɗanda suka fito daga Kirikasamma suka dawo da labarin ciyawar kacala da ta fara toshe hanyoyin ruwa har kwalekwale ba ya wucewa, da tsuntsayen da ke kwana a cikinta su wayi gari a gonar shinkafa. Yarinyar Auyo ta dawo da katunanta suna ƙamshin banda, don a ɗakin da ake kyafa kifi ta zauna da kakanta. Ya lissafa mata kifayen da ya kama da ƙuruciya waɗanda ya daina gani. Ta rubuta shafi goma sha biyu, maganar littafi a gefe, maganar tsoho a gefe, nata ra'ayin a ƙarshe, kowanne da shaidar inda ya fito. Mama ta ɗinke takardun da zare da allura, ta buga musu hatimi, ta yi musu kati ta sa a durowa tare da na manyan marubuta. Ta sa yarinyar ta jawo durowar ta ga sunanta. Yarinyar ta daɗe tana riƙe da katin.

A wannan shekarar ce na fara lura da idon Mama. Takan yi karo da gefen benci a ɗakin da ta san shi kamar tafin hannunta. In an yi mata magana daga gefe, sai ta juyo da kanta gaba ɗaya. Ta fara cewa yara su karanta mata kati da ƙarfi, wai don bakinsu ya saba da Turanci. Wata rana bayan sun fita na miƙa mata kofin ruwa ta hannun hagu, ya kai kusa da kumatunta ba ta gani ba.

Na ce, "Mama, tun yaushe?"

Ta zauna a kan benci ta cire tabarau. Ta ce ta je asibitin ido a Kano tun bara. Ba yanar ido ba ce da za a kankare. Ciwo ne mai cin jijiyar ido daga gefe yana matsowa tsakiya, magani na rage masa gudu amma ba ya mayar da abin da ya tafi. Ta ce yanzu duniya kamar ta cikin bututu take hango ta.

"Yarinyar Auyo ta sani," in ji ta. "Ita ke matsar mini da benci ba ta ce komai ba. Ke ce ta biyu. 'Yata, kada a samu ta uku. In suka ji, gida za su tura ni. Ni kuma ba ni da wani gida da ya wuce nan."

Na yi mata alkawari.

Shekara biyu muka yi muna rufe abin. In na tashi daga makaranta sai in biya, in rubuta mata rajista, in yi wa sababbin littattafai kati in akwai. Ita kuma ta san kantocin da ka. Ka ambaci littafi, ta miƙe tana ƙirga taku, ta ɗora hannu a kansa. Masu karatun jarida ba su taɓa ganewa ba. Yarinyar Auyo ta gama, ta ci jarrabawa, ta jira shekara guda a gida kafin ta samu gurbi a jami'a. Wasu yaran suka biyo baya, Laraba ba ta tsaya ba.

Sai na samu ciki na uku, ya zo mini da laulayi mai tsanani. Na daina iya biyawa kullum. Wata Laraba muka iso muka tarar da Mama da tsumma ɗaure a goshi, jini ya ɓullo ta ciki. Ta hau kujera za ta mayar da littafi a kantar sama, ta taka iska. Ta yi dariya ta ce wa yara ƙofa ce ta mare ta. Ni ban yi dariya ba. Na yi ta tunanin wata uku da zan yi a gida in na haihu, ita kaɗai a ɗakin nan da kujera da kantoci.

A lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro mana jiha ba, ana ta kafa sababbin ofisoshi, ana neman rahoto daga ko'ina. Shugabar makaranta ta ce in rubuta bayanin shirinmu na Laraba, wataƙila a yaɗa shi zuwa wasu makarantu. Na zauna na rubuta da zuciya ɗaya. Na yabi Mama iyakar yabo. A sakin layi na ƙarshe na roƙi a turo mata mataimaki, na ce saboda aikin ya yi yawa, kuma ganinta ya yi rauni. Na tsaya a kan waɗannan kalmomi na ɗan lokaci. Na ce a raina in ban faɗi dalili ba ba za su turo kowa ba. Na ce taimakonta nake yi. Na sa hannu, ban nuna mata ba.

Ina cikin wankan jego labari ya iske ni. An turo mutum biyu sun duba laburare, sun miƙa wa Mama takarda ta karanta a gabansu, ta kasa. An kai ta gaban likita. Bayan sati uku takardar ritaya ta fito.

Ranar da na yi arba'in na goya jaririya na tafi. Na same ta zaune a teburinta, hannuwanta a kan rajista a rufe. Ta gane takuna.

Ta ce, "Malama, kin fito? Barka da arziki. Kawo ta in ji nauyinta."

Babu yara a ɗakin, amma Malama ta ce. Na kwance goyon na ɗora mata a cinya. Ta shafa kan jaririyar, ta shafa kunnuwanta, ta sa mata albarka. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Sun karanta mini rahoton da aka rubuta a kaina. Hausar mutum ba ta ɓuya ko da Turanci ya rubuta. Ke ce?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

"To."

Na fara bayani, na kawo maganar kujera, da goshinta, da haihuwa. Ta ɗaga hannu.

"Ba ki yi ƙarya ba. Abin da kika rubuta haka yake. Amma da kin zo kin ce mini, Mama, zan rubuta kaza. Ko faɗa ne mu yi. Shekara guda nake nema, in ga 'yan ajin nan sun fita, in tafi da ƙafata."

Jaririyar ta fara kuka, Mama ta miƙo mini ita.

Babban ɗanta ya zo da a-kori-kura ya kwashe ta a ƙarshen watan. Kayan ba su da yawa: gado, keken ɗinki, tukwane, akwatin ƙarfe biyu. Matan cocinsu sun cika tsakar gidan suna waƙa a hankali. Mahaifiyata ta zo da kwalbar man shanu, ta riƙe hannunta suka daɗe, ba su da wata doguwar magana a tsakaninsu dama. Da safiyar ranar ɗan ya kai ta kabarin mahaifinsa. Na so in raka su, na ga ba wurina ba ne. Da za ta shiga mota ta ba ni mabuɗin akwatin katuna in kai wa wanda zai gaje ta, ta ce, "Durowa ta huɗu tana cijewa, sai an ɗaga ta kaɗan." Iyakar sallamarmu ke nan.

Wanda aka turo ba mugun mutum ba ne. Yana da gonar alkama a fadama, hankalinsa na can. Mukan iso da yara mu tarar da kwaɗo, mu tsaya a ƙarƙashin maina har la'asar mu juya. In ya buɗe, ba ya son a taɓa durowa, wai yara za su hargitsa katuna. Na yi ƙoƙarin yin aikin mutum biyu, na gane ashe rabin abin da nake taƙama da shi nata ne. Na san tambaya, amma ban san inda kowace amsa ke kwance ba, kuma ba ni da haƙurinta. Da damina ta zo kwano ya yi yoyo ta kusurwar da aka ajiye rubuce-rubucen yara, ba wanda ya matsar da su. Na same su sun manne da juna, tawada ta narke. Shugabar makaranta ta ce tun da ba a samun ɗakin a buɗe, gara yara su zauna su yi bitar jarrabawa. Ban yi musu ba.

Ana cikin haka wasiƙa ta zo daga yarinyar Auyo, ta adireshin makaranta, an rubuta a bayan ambulan cewa ni da Mama. Ba ta san abin da ya faru ba. Ta ce laburaren jami'a ya ninka namu sau ɗari, amma akwatin katunan iri ɗaya ne, har ta ji kamar ta ga 'yar gida. Ta ce 'yan ɗakinsu uku ita ke raka su tana nuna musu. Ta ce wani malami ya tsayar da ita ya tambaye ta makarantar da ta yi, da ta ce Haɗeja sai ya sake duba takardarta. A ƙarshe ta ce a gaya wa Mama ta riƙa sa maganin idonta a kan lokaci.

Wasiƙar ta yi wata bakwai a jakata. Ina cewa sai hutu, hutu ya zo in ce wahalar man fetur, mota ta yi wuya. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Mijina ne ya gaji da ganina ina fito da ita ina mayarwa, ya ce, "Ki shirya ranar Asabar, na yi magana da direba."

Tafiyar yini guda ce. Ban taɓa zuwa ƙasarsu ba. Duwatsu ne da jar ƙasa da itatuwa masu duhu, ko'ina an baza citta tana shan rana. Na same ta a gidan ɗanta, zaune a kan kujera 'yar tsugunno a inuwar mangwaro, tana ɓare gyaɗa a faranti. Ta rame. Ba tabarau a fuskarta, don ba shi da sauran amfani. Na yi sallama, ta ɗaga kai wajen da ba nan nake ba.

"Wa nake ji kamar mutanen Haɗeja?"

Ta yi murna, ban yi zaton haka ba. Ta sa surukarta ta kama kaza, ta ce a kira maƙwabcinsu Musulmi ya yanka saboda ni. Ta tambayi mahaifiyata, da jaririya, da mai shayin da ke tara mata kwali. Ta tambaya ko ruwa ya zo da kyau bana. Ta ce abin da ta fi kewa shi ne kifi, a nan sai busasshe, shi ma ba irin namu ba. Sannan ta tambayi Laraba.

Na yi niyyar in ce ana nan ana yi. Na dubi fuskarta na kasa. Na gaya mata komai, har yoyon kwano da ya ɓata rubuce-rubucen yara. Hannunta ya tsaya a cikin farantin.

"Har na yarinyar Auyo?"

"Har shi, Mama."

Sai na fito da wasiƙar na karanta mata. Da na kai wurin akwatin katuna ta yi dariya, da na kai wurin maganin ido ta sa gefen zani ta rufe fuska. Ta ce in sake karantawa daga farko. Na sake. Ta karɓa ta shafa takardar ta ninke ta sa a ƙirjinta.

Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, ki yafe mini."

Ta lalubo kafaɗata. Ta ce, "Na yafe tun ban bar Haɗeja ba. Addinina bai bar ni in riƙe ki ba, naki ma na san haka ne. Amma kada in yi miki ƙarya, Malama, abin bai daina yi mini zafi ba. Da safe nakan farka in ji kamar na makara buɗe ƙofa. Sai in tuna." Ta ɗan bubbuga kafaɗar. "Tashi, ƙasa da sanyi. Idon dama tafiya zai yi, ko kin rubuta ko ba ki rubuta ba."

Na kwana ɗaya. Da zan tafi ta sa aka cika mini leda da citta. Ta riƙe hannun jikarta ta rako ni har bakin hanya. Na ce zan dawo da babban hutu in zo mata da banda. Ta ce Allah ya kai mu.

Na aika da bandar ta hannun wani malami ɗan ƙasarsu, sau biyu. Ni ban koma ba. Na buɗe ɗakin nan na makaranta, na sa aka fitar da masara, na jera abin da na iya tarawa a kanta biyu. Ina shiga da yara in nuna musu iyakar abin da na sani. Wasu sun amfana, ina jin labarinsu. Amma ɗan abu ne, kuma ni kaɗai ce.

Bayan damina biyu, wata safiya kafin in wuce makaranta na tsaya a kasuwa sayen kayan miya. Wata mata daga cocinsu, nas ce a asibiti, ta dafa ni ta baya muka gaisa. Ta ce, "Ashe kuma sai haƙuri." Na ce na me? Ta dube ni, ta gane ban ji ba. Ta ce Mama ta rasu tun sati uku da suka wuce, zazzaɓi na kwana huɗu, har an yi addu'a a cocinsu na nan ranar Lahadi. Ta ce sun yi ta cewa a aika a gaya mini, kowa ya ɗauka wani ya faɗa.

Mai tumatir yana ta miƙo mini leda ban karɓa ba, sai matar ce ta karɓa ta riƙe mini. Ta raka ni har bakin titi ta tsayar mini da mai babur. Ina da aji biyu a jere a safiyar nan. Na shiga na farko na koyar. A na biyu na rubuta kan darasi a allo, na juyo, na ga ba zan iya ba. Na ce su karanta shafin da ke gabansu, na fita na zauna a bayan ajin har aka buga ƙararrawa. Da yamma na gaya wa mahaifiyata. Ta yi salati, sannan ta ce in nemo mota, ba a yi wa irin wannan mata ta'aziyya da saƙo. Ranar Asabar muka tafi mu biyu.